Ranar da Lottie Ta Taka Layi

A kudancin Milwaukee, daga cocinmu har bakin layin dogo, da wuya a sami macen da ta taɓa ɗaga ƙwallon bolin, wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a zubar da kwalaben katako, ba ta sha faɗan Regina Pawlak ba. Shekara ashirin da shida tana sakatariyar lig, wato gasar ƙungiyoyin mata ta safiyar Laraba, a gidan bolin na Norb Zielke, kuma a duk shekarun nan sau biyu ta yi fashi. Na farko ranar da aka binne mijinta Chet. Na biyu ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari har motocin haya suka kasa fita, kuma ko a ranar sai da ta buga wa Norb waya ta wanke shi tas don bai buɗe ba.

Ba muguwa ba ce. Gara a faɗi wannan tun yanzu, domin abin da ta yi wa ƙanwarta Lottie a watan Maris na 1979, in aka ba da shi a gajarce, sai a ce matar nan ba ta da imani. Minti arba'in zuciyar Lottie tana lalacewa a gaban mata sittin, kuma Regina ce ta tsaya tsayin daka ta hana kowa ya je kusa da ita.

Babansu majemi ne, ya ƙare rayuwarsa a kamfanin jima da ke bakin kogi, yana dawowa gida da warin da sabulu ba ya fitarwa. Uwarsu ta rasu Regina tana da shekara goma sha uku, Lottie tana da huɗu. Tun daga makon Regina ta ajiye makaranta ta ɗaura kallabi, ita ce girki, ita ce wanki, ita ce mai tsefe kan yarinya da safe. Da ta girma ta shiga masaƙar safa, aikin yamma, daga ƙarfe uku zuwa tashi, ta yi shekara talatin da ɗoriya a gaban inji ɗaya. Mutumin da ya rayu haka ba ya son a bar masa abu a karkace. Da wata abokiyar aikinta ta ja ta zuwa gidan Zielke a 1950, ta ga wasan da komai nasa yana da ƙa'ida, har inda za ka ajiye ƙafarka, sai ta ji kamar an yi shi ne dominta.

Duk sabuwar da ta shigo lig sai ta bi ta hannunta. Regina za ta tsayar da ita a bakin ƙofa ta sa ta cire takalmin waje, don ɗigon ruwan ƙanƙara ɗaya a wurin taku ya isa ya karya wa mutum ƙugu. Za ta nuna mata cewa in mai jifa a hanyar da take dama da ke ta riga ki tsayawa, sai ki jira ta jefa. Hannun da kike jifa da shi ba ki cin soyayyen dankali da shi. Sannan ta kai ta gaban baƙin layin nan da ya raba wurin taku da hanyar ƙwallo, ta nuna shi da tsinin takalminta.

"Kin ga wannan? Daga nan zuwa can mai ne aka shafa wa katakon. Ko ɗan yatsanki ya wuce, ƙararrawa za ta yi ƙara, jifarki ta tashi a banza, ko da kin zubar da duka kwalabe goman. Ni shekarata ashirin da tara a nan, ban taɓa sa ta ƙara ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma tana ji da wannan fiye da yadda wasu suke ji da jikokinsu.

Amma babbar dokarta ba ta cikin littafin lig. In ƙwallo ɗaya ya kwashe kwalabe goman nan gaba ɗaya, shara ke nan. Shara goma sha biyu a jere ita ce maki ɗari uku, ƙarshen abin da ake iya samu a wasa guda, kuma tun da aka gina gidan Zielke mace ba ta taɓa yi ba. To al'adar 'yan bolin ita ce, in mutum ya jera shara biyar, ba a ambata masa. A wasu wurare iyakar abin ke nan, a yi ta hira da shi a kan wani abu daban. A lig ɗin Regina kuwa abin ya wuce nan. Ba a yi maka magana ko kaɗan, ba a zama kusa da kai, ba a haɗa ido da kai, mai rubuta maki ma sai ta riƙa yi kamar ba ta san abin da hannunta yake rubutawa ba.

Tana da dalilinta. A 1961 ita kanta ta jera tara. Tana tsaye tana goge ƙwallo sai ga Chet ya shigo karɓar makullin mota, ya ɗaga kai ya ga allo, ya washe baki ya ce, "Saura uku, Reggie." Ta jefa, kwalabe biyu suka tsaya ƙyam. Sati guda bawan Allah yana cin burodi da tsiran alade a tsaye a kicin, ba ta ɗora masa tukunya ba. Har ya mutu ba ta yarda cewa hannunta ne ya kauce ba, bakinsa ne. Daga nan ta zama mai gadin shiru, kuma babu wadda take da ƙarfin halin yi mata musu.

Lottie Banach kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Gyaran gashi take yi a kicin ɗinta, a hawa na biyu na wani gida da ke bayan na yayarta. Aurenta ya mutu tun tuni, kuma ba ta taɓa nuna ta yi asara ba. Bolin a wurinta kofi ne da gulma, jifar kuma ta biyo baya. In ƙwallonta ya faɗa kwata sai ta juyo ta durƙusa wa jama'a kamar wadda aka tafa wa. Shekara goma sha takwas tana ƙungiyar Regina, ba ta taɓa jera shara fiye da uku ba, kuma duk Laraba sai an yi mata faɗan tana sakin ƙwallo da wuri.

Ranar, wasa biyun farko babu abin a zo a gani. Kafin a fara na uku Lottie ta zauna tana danna ƙirjinta da dunƙulen hannu.

Fran Dudek, wadda take jifa kafin ita a ƙungiyar, mace mai jiki da baki, ta ce, "Ke kuma lafiya kike dukan kanki?"

"Ƙwannafi. Kabejin jiya ne."

"Kabeji ko abin da kika kora kabejin da shi? Na ga fitilarki a kunne, na ce yau ma mai gyaran famfon nan bai gama gyara ba."

"Ke dai Fran bakinki zai kai ki wuta. Mutumin nan ya girmi Fadan cocinmu."

"To ai shi ya sa gyaran yake ɗaukar lokaci."

Aka kwashe da dariya. Regina ba ta ɗago daga kan takardar maki ba ta ce, "In kun gama, hanya tana jira. Lottie, ki riƙe ƙwallon nan har ƙafarki ta tsaya, na gaji da faɗa."

"To, Yaya."

Ta jefa, shara. Ta juyo ta yi wa yayarta gwalo. Zagaye na biyu ma haka, na uku ma haka, Fran tana cewa a duba ƙwallon ko an musanya mata. Da ta yi ta huɗu sai hayaniyar bencinsu ta ragu. Da ta yi ta biyar, Regina ta ajiye fensir, ta kalli matan ƙungiyarta ɗaya bayan ɗaya, ta kalli na ƙungiyar da suke karawa da su. Ba ta ce uffan ba, ba ta kuma bukata. Wadda take zaune kusa da Lottie ta tashi kamar za ta ɗauko jaka, ba ta dawo ba. Cikin minti biyu benci mai cin mutum shida ya zama na Lottie ita kaɗai.

Mutum goma ne suke jifa a hanya biyu, don haka tsakanin jifa da jifa akwai jira na minti huɗu ko biyar. Duk wannan jiran Lottie ta yi shi a zaune ita kaɗai, mata tara suna kallon takalmansu. Bayan ta shida Regina ta saci kallonta ta gefen ido. Rigarta ta jiƙe a baya sharkaf, alhali ɗakin Norb ba ya taɓa yin zafi, mutumin da yake ƙirga gawayi. Fuskarta ta yi fari fat, tana ta murza muƙamuƙinta na hagu. Abin da Regina ta ji a lokacin, kuma ta faɗa da bakinta daga baya, daɗi ne. Ta ce a ranta, yau dai yarinyar nan ta san wasan nan ba wasa ba ne.

Fran ta matso ta yi ƙasa da murya. "Regina, dubi ƙanwarki."

"Na gan ta."

"Launinta bai yi mini ba."

"Tsoro ne. Ni na san shi, ke ba ki taɓa wuce huɗu ba."

"Ko ruwa in miƙa mata?"

"Ki miƙa mata ruwa ki ga yadda zan yi da ke. Sau ɗaya abin nan yake zuwa wa mutum a rayuwa, ba za a ɓata mata ba ina zaune."

Fran ta koma ta zauna, tana juya zoben aurenta.

Ta bakwai ta tafi a hankali, kamar ba za ta kai ba, amma ta shiga daidai inda ake so, goman suka kwanta. Lottie ba ta durƙusa wa kowa ba. Maimakon ta koma benci sai ta nufo teburin maki, ta dafa shi da hannu biyu, ta sunkuyo har Regina tana jin numfashinta.

"Yaya..."

Regina ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Ta juyar da kujerarta, ta ba ta baya, ta kama fiƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa. Ta ji Lottie ta ɗan tsaya a bayanta, sannan ta ji jan takalminta ta koma benci.

Labari ya riga ya zaga hanyoyi goma sha biyun. Norb ya kashe rediyon kanti, ya fito yana goge hannu da tawul. Da aka zo ta takwas da ta tara mata suna jefa nasu ne a gurguje, ido yana wani wuri. Da Lottie ta miƙe a zagaye na goma, inda za ta yi jifa uku a jere in Allah ya ba ta, kowa ya ajiye ƙwallo. Mata sittin suka taru a baya suka yi tsit, wasu da carbi a hannu, wasu sun riƙe kofin kofi sun manta da shi. Abin da ake ji kawai gunjin injinan baya masu jera kwalabe.

Ta goma, shara. Aka ɗan tafa, Regina ta waiwaya, tafin ya mutu. Ta goma sha ɗaya, kwalba ɗaya ta yi rawa ta yi rawa, sannan ta faɗi. Wata a baya ta ce, "Maryamu uwar Yesu," aka toshe mata baki.

Ƙwallon ya dawo, Lottie ba ta ɗauka ba. Ta tsaya ta dafa injin da yake dawo da ƙwallo da hannun dama, kanta a ƙasa, hannun hagu ya saki a gefenta. Ta daɗe a haka. Duk wanda ya san bolin ya san mutum yakan tsaya ya shanya gumin hannunsa a kan iskar injin kafin jifa ta ƙarshe, kuma abin da mata sittin suka gani ke nan. Regina har ta gyaɗa kai, tana cewa a ranta, haka ake yi, kar ki yi gaggawa.

Ta ɗauki ƙwallon da ƙyar, ta yi takunta huɗu, ta saki. Amma ba ta tsaya ba. Jikinta ya bi ƙwallon, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta kife da fuska a kan katakon mai, rabin jikinta ya wuce baƙin layi. Ƙararrawa ta ɗauki ƙara. A can ƙarshen hanya kwalabe goma suka tarwatse, ko ɗaya ba ta rage ba.

Abin da ya fito daga bakin mata sittin ba ihun tsoro ba ne. Irin nishin nan ne da ake yi in an yi asarar maki. A cikinsa kuma aka ji murya ɗaya sarai, ta Regina, cike da takaici.

"Layi, Lottie. Kin taka layi."

Sai da ta rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Ƙararrawar ba ta daina ba, domin mutum yana kwance a kan layin, kuma mutumin bai motsa ba. Lottie ba ta yi yunƙurin tashi ba, ba ta yi dariya ba, ƙafarta ɗaya ta karkace a yadda mai rai ba ya barin ƙafarsa. Regina ta ture tebur ta ruga. Taku biyar ne tsakaninsu. Ta yi huɗu, ta zo bakin baƙin layin, sai ƙafafunta suka tsaya da kansu. Ƙanwarta tana kwance, kanta yana can gaba a kan mai, ita kuma tana tsaye da tsinin takalmi daidai bakin layi, tana miƙa hannu kamar mai leƙa rijiya. Daƙiƙa biyu ne ko uku, ba su fi ba. Amma kowa ya gani, ita ma ta ga kanta.

Fran ce ta bangaje ta ta wuce, santsi ya kwashe ta ta faɗi, ta ƙarasa da rarrafe ta birkito Lottie. Leɓunanta sun yi shuɗi. Norb ya yi wurgi da tawul ya ruga wajen waya yana kiran sunan titinsa sau uku kamar mai tsoron mantawa. Sai a lokacin Regina ta tsallaka, ta zube a kan gwiwoyinta a cikin man, ta ɗora kan Lottie a cinyarta. Ta yi ta kiran sunanta, wanda ta hana kowa kira tun zagaye na biyar.

A asibiti suka zauna a baranda, ita da Fran, da takalman bolin a ƙafafunsu, siket duk mai. Wajen ƙarfe biyu likita ya fito, wani dogo mai tabarau, ya ce ciwon zuciya ne, babba, amma tana raye. Ya ce ta ɗan farfaɗo ta gaya musu ciwon ya kama ta tun kusan sa'a guda kafin ta faɗi.

Ya ce, "Irin wannan, kowane minti da aka rasa wani yanki na zuciyar ne yake mutuwa. Ita kaɗai ce a gida da abin ya fara?"

Fran ce ta amsa.

"Mu sittin ne, likita."

Ya cire tabarau ya kalle su. "Ba wanda ya lura?"

"Mun lura."

Ya dubi takalmansu, ya mai da tabaransa, ya koma ciki. Regina ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Sati uku Lottie ta yi a asibiti. Ta fito da zuciyar da ba ta iya kai ta hawa na biyu, don haka Regina ta kwashe kayan ɗinkinta daga ɗakin ƙasa ta sa mata gado. Ta rame, muryarta ta zama siririya, amma bakin yana nan. Da Fran ta zo dubiya Lottie ta ce mata ta ji labarin yadda ta yi iyo a hanya ta bakwai, kuma ta ji Norb yana neman wanda zai biya shi gyaran katako.

A lig kuwa aka yi ta cacar baki a kan takardar makin. Rabin matan suka ce a rubuta ɗari uku, ai ƙwallon ya bar hannunta, kwalaben sun zube, faɗuwar kuma ba taka layi ba ce, ciwo ne. Rabi suka ce ƙa'ida ba ta san ciwo ba, ɗari biyu da casa'in ne. Aka juyo ga sakatariya, wadda shekara ashirin da shida ba a taɓa gama yi mata tambaya ba ta yanke hukunci. Ta riƙe fensir, ta kasa rubutawa. Ta naɗe takardar ta kai gida.

Lottie ta duba ta, ta yi murmushi. "Goma sha ɗaya fa, Yaya. Ni."

"Sun ce a rubuta ɗari uku."

"Na taka ai. Har da haɓata na taka. Rubuta abin da aka yi."

Aka rubuta ɗari biyu da casa'in. Regina ta miƙa wa Norb takardar, ta haɗa da littafin lig da akwatin fensir, ta ce a nemi wata sakatariya.

Ba ta daina zuwa ba, amma matar da take zuwa ba ita ce ta da ba. Sababbi suka riƙa shigowa da takalmin waje, sai wata ce za ta yi magana. Abu ɗaya ta ɗauka, kuma ya fi faɗanta na da ba mutane haushi. Duk wadda ta jera shara biyar, a kowace hanya take, sai ta ga Regina ta taso ta zauna kusa da ita, cinya da cinya, ta kama wuyan hannunta ta ce, "Yaya jikinki? Kalle ni. Ƙirjinki fa?" A watan Mayu ta yi wa wata mai jera shida haka, matar ta tashi ta bar kwalabe uku a tsaye, ta juyo ta zazzaga mata rashin mutunci a gaban kowa. Regina ta saurara har ta gama, ta ce, "Ki yi haƙuri. In kin sake jerawa zan sake zuwa."

Wasu sun ce ta zauce. Fran ta ce a'a, yanzu ne ta warke. Ita dai Regina in an matsa mata takan ce shekara ashirin da tara ta yi tana koyon kallon ƙwallo da ƙafa da layi, ta ƙware har ta daina ganin mai jifar, kuma ba ta san ranar da hakan ya fara ba. Wannan ne yake firgita ta, ta ce, don tana tsammanin duk tsawon lokacin kula take yi da mutane.

Akwai abin da ba ta iya tambaya ba. Tana dafa wa Lottie abinci marar gishiri, tana ƙirga mata magani, tana wanke mata ƙafa, suna hirar kowa da komai, amma ba ta taɓa kusantar abin da Lottie ta zo faɗa a teburin maki ba. Lottie ma ba ta tayar ba. Wani lokaci Regina takan lallashi kanta cewa wataƙila wasa za ta yi, ko cewa za ta yi tana jin tsoro, ko fensir take so. Tana wanke kwano sai tambayar ta taso mata, ta ci gaba da wankinta.

Wata bakwai Lottie ta ƙara a duniya. Ta rasu a watan Oktoba, da rana, a kujerar da ke bakin taga. Kwana goma kafin nan, wata Asabar, Regina tana wanke mata kai a bahon kicin, don mai gyaran gashin unguwa ba ta iya ɗaga hannu ta kai kan nata. Lottie ta sunkuya, tawul a wuya, tana mitar ruwan ya yi zafi, kuma an cika mata sabulu kamar ana wanke bargo. Wataƙila don ba ta ganin fuskarta ne Regina ta samu ta iya.

"Lottie."

"Na'am."

"Ranar nan. Da kika zo tebur. Me za ki ce mini?"

Ruwa yana ɗiga daga gashin Lottie. Da ta yi magana babu zafi a muryarta ko kaɗan, kamar mai ba da labarin farashin kabeji.

"Cewa zan yi ki kai ni asibiti. Ji nake kamar an ɗora mini injin Norb a ƙirji."

Hannun Regina ya tsaya a cikin kumfa. "To me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa ba ki finciko ni ba, ko ki je wajen Fran, ko ki fita? Ƙafarki ai tana aiki."

"Ai kin kalle ni, Yaya. Kin kalle ni sosai kafin ki juya. Sai na ce to, tunda Yaya ta gan ni ba ta tashi ba, ashe ba wani abu ba ne." Ta ɗan gyara tawul. "Hankalina ma kwanciya ya yi. Da ina jin tsoro, daga nan na daina."

Regina ta tsaya da butar ruwa a hannu, ta kasa zubawa, ta kasa ajiyewa.

Lottie ta ce, "Ɗauraye mini mana, sabulu yana shiga idona."